Me ya hana mutanen awon igiya tashi daga hanyar ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kano. Duk shekara da damina ta kama sai a yi ta shela a rediyo cewa waɗanda ke zaune a hanyar ruwa su tashi, amma ba sa tashi, sai ruwa ya ci gidajen a zo ana jaje. Sannan in ka shiga unguwannin nan da wuya ka ga mai zaman banza, maigida ya fita nema, uwargida na sana'a, yara na talla, amma shekara da shekaru jiya i yau. Taurin kai ne ko rashin dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tambaya biyu ka yi, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su, don haka zan haɗa su in amsa. Na daɗe ina aikin tsara gari, kuma rabin abin da na sani ba a ofis na koye shi ba, a zaure da tsakar gidan mutanen nan na koya. Ba taurin kai ba ne. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Sai ka fara sanin yadda unguwannin suka samu. Kano ta taɓa samun tsari rubutacce, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya jagoranta, aka ce zai ɗauki garin daga 1963 zuwa 1983. Kafin wa'adin ya cika garin ya girme wa takardar. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suna jawo mutane, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na wajen 1984 yana koro su daga ƙauye, filayen da gwamnati ke yankawa kuma ba su isa ba, ɗan abin da ya samu ma sai mai uwa a gindin murhu. Ana cikin haka aka kafa dokar ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Bisa dokar, idan gwamnati ta karɓi gonarka diyyar abin da ke kanta za ta biya, shuka da bishiya da gini, ba kuɗin ƙasar ba. To, manomin da ke bakin gari ya ga gini na matso shi, me kake tsammani zai yi? Sai ya riga gwamnati. Ya kira dillali, a zo da igiya da turaku, a yanka gonar fuloti-fuloti, wani rabi, wani kwata, a sayar wa mai rabo. Sunan awon igiya ke nan. Haka mafi yawan Kurna da Bachirawa da Rimin Kebe da Gayawa da Ɗorayi da Sheka suka tashi.

Ka lura da lissafin mai gona. Duk takun da ya bar wa titi ko kwata, kuɗi ne ya zubar. Shi ya sa za ka ga lungun da makara ba ta juyawa a ciki sai an karkata ta, balle motar kashe gobara. Ba filin makaranta, ba na asibiti, wani wurin ma ba maƙabarta. Takardar da mai saye ke riƙe da ita yarjejeniyar ciniki ce mai sa hannun shaidu da mai unguwa. A wajen jama'a wannan mallaka ce cikakkiya, ana gadonta, ana sayarwa. A wajen banki da hukuma kuwa, in ba satifiket mai sa hannun gwamna ba, kai baƙo ne a gidanka.

A cikin awon igiyar ma akwai hawa-hawa, kada ka ɗauka duk talakawa ne, akwai masu benaye da motoci. Wurin da ya fi araha shi ne wanda kowa ya ƙi: kwari, gefen rafin Jakara, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, bakin kududdufi. Kududdufan nan asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama. Kakanninmu ba su karanta injiniya ba, amma kududdufi shi ne rumbun ruwan unguwa. Yanzu ana cike su da shara a daddale a yanka a sayar, kuma sau da yawa ba talaka ke wannan aikin ba, ba shi da tifa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya zo ya tarar an gine masa masauki, sai ya shiga ɗakin da ya fi kusa.

Wa ke cikin ɗakin? Yawanci ɗan haya. Wannan shi ne abin da masu shela a rediyo ba sa tunawa. Mai gidan yana can a tudu, wanda ke kwana a kwari ya riga ya biya hayar shekara, ko ta wata shida, da kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa. In ka ce masa ya tashi a watan Yuli, cewa ka yi ya yafe abin da ya biya, ya nemo na wata shekarar a dunƙule, ya ɗora la'adar dillali da kuɗin kwashe kaya, a daidai lokacin da abinci ya fi tsada a kasuwa. Shi kuma lissafinsa: ruwa wataƙila ya zo, wataƙila ya tsallake shi bana, amma yunwa tabbas ce.

Sai babban dalili, wanda shi ne zai kai mu ga tambayarka ta biyu. Wurin zaman talakan birni yana cikin jarinsa. Ɗan dakon da ke aiki a Dawanau yana zaune a Bachirawa ko Kurna ne saboda titin Katsina ɗaya ne, zai iya sammako ya riski motocin farko. Mai tura baro a Yankaba yana Sauna ko Dakata. Mai gadi da mai wanki da 'yar aiki suna raɓe ne a bayan unguwar masu hali, don can aikin yake. Ka ɗauke mutum ka kai shi bayan gari inda iska ke kaɗawa, ka ba shi ɗaki mai kyau, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa zai cinye rabin abin da ya samo. Matarsa kuma ta rasa masu sayen abin da take yi, domin kasuwarta ita ce lungunsu.

Bari in nuna maka gida ɗaya da na sani. Wata baiwar Allah ce mai awara, a wani gidan haya mai ɗakuna bakwai da banɗaki ɗaya, bayansa kududdufi. Mijinta ɗan dako ne. Da daddare take jiƙa waken suya. Da asuba babbar 'yarta ta kai markaɗe, in babu wuta a biya kuɗin inji mai mai, wanda ya fi tsada. Ta tace, ta ɗora a wuta, ta zuba ruwan tsami, ta kwashe a ƙyalle ta ɗaure ta danne da dutse. Kafin azahar an yanka an soya, yarinya ta ɗauki bokiti ta nufi bakin makaranta da majalisar masu faci. Dusar ma ba ta zubarwa, wani mai kiwon tumaki ke saye. Da magariba ta zauna ta kasa cinikin kashi-kashi a kan tabarma: na waken gobe, na mai, na itace, na mai ruwa, na zubin adashi. Abin da ya rage, shi ne riba, shi ne kuma kuɗin miyar dare in maigida ya dawo hannu rabbana. Na tambaye ta nawa take samu a wata. Ta yi dariya ta ce, "Malam, wa ya ga wata? Mu dai gobe muke nema."

Wannan maganar tata ta fi duk wani littafi da na karanta bayyana lamarin. Mai albashi yana rayuwa wata-wata, manomi shekara-shekara, ita kuwa rana-rana. Jarinta yana fita da safe ya dawo da yamma, kuma tukunya ɗaya yake kwana da kuɗin cefane. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, kuɗin waken gobe ne ke tafiya kemis. Ba wake, ba awara, ba awara, ba ciniki. Ciwon kwana uku sai ya karya sana'ar shekara biyar. Ba kuma ita kaɗai ba ce. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya irin wannan aikin suke yi, wanda ba albashi, ba hutun ciwo, ba fansho. Kuɗin magani kuwa, sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a ƙasar daga aljihun majinyaci yake fita. An yi dokar inshorar lafiya a 2022 wadda ta wajabta ta a kan kowa, amma ka shiga lungun nan ka tambayi mai kati.

Sannan akwai abin da mutane ke mamaki in na faɗa: talauci a birni tsada gare shi. Ɗauki ruwa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a rana lita 20 ne. Gida mai mutum takwas lita 160 ke nan, wato jarka shida da ɗoriya irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. A ce jarka naira 100 ce, ka san kuwa da bazara ko ranar da mai burtsatse bai samu wuta ba tana wuce haka. Naira 600 a rana, 18,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ka ga ruwa kaɗai ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, ga wanda ma yake samun albashin. Mai burtsatse a gidansa yana wanke mota da ruwan da bai kai wannan tsadar ba. Haka abinci. Mai hali yana sayen buhu da kaka, talaka yana awon gwangwani da damina. Man gyaɗa a cokali, sukari a ƙulli, gawayi a leda, omo a ƙulle. Duk ƙullin da aka ƙulla akwai ribar mai kanti a ciki. Ba don bai san buhu ya fi sauƙi ba, kuɗin buhun ne ba sa taɓa haɗuwa a hannunsa lokaci ɗaya.

Mai adaidaita sahu ma haka. Mafi yawansu ba nasu ba ne, sai sun cika balas ɗin mai shi, sun zuba mai, sun yanki tikiti, sannan su fara nema wa gida. Wanda ya karɓa bashi yana biya a hankali, kafin ya gama ya biya abin da ya fi kuɗinta nesa, ita kuma ta tsufa.

Shi ya sa nake taka-tsantsan da alƙaluman da ke cewa birni ya fi ƙauye. Rahoton talauci da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ya ce kashi 72 cikin 100 na mutanen karkara na cikin talauci, na birni kashi 42. Gaskiya ne asibiti da makaranta sun fi kusa a birni. Amma an haɗa unguwar masu hali irin Nasarawa da ta awon igiya irin Rimin Kebe a kwano ɗaya an raba. Kuma na ƙauye yana da rumbu, ko da rabi ne, yana da itace a daji, yana da rafi, yana da zogale a bayan ɗaki. Na birni ko bayan gida zai zaga a kasuwa sai ya biya.

Yanzu ka ɗora masa abin da ke saukowa daga sama. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaɓa. Akwai dalilin tsaro, ban musa ba, amma a kwana ɗaya dubban magidanta suka wayi gari da babur ɗin da ba ya kawo ko sisi, da yawansu ba su gama biyan kuɗinsa ba. A Afrilun 2020 aka kulle gari saboda korona, ga azumi, aka ce wa mai hannu baka hannu ƙwarya ya zauna a gida. A farkon 2023, sakamakon canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, mai ƙosai da mai garuwa da mai yankan farce waɗanda cinikinsu na hamsin da ɗari ne suka rasa mai ba su tsaba. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Kowanne daga cikin waɗannan, ma'aikaci ya ji jiki, amma ƙarshen wata albashinsa ya shigo. Mai awara jarinta ta cinye.

Ba wai ba su da madogara ba. Suna da ita, kuma ta fi ta gwamnati aiki. Akwai adashi, wanda shi ne bankinsu, in kwasarki ta zo ki biya haya ko ki sayi akuya. Akwai mai kantin lungu da littafin bashinsa. Akwai maƙwabciyar da za ta miƙo kwanon tuwo ta katanga ba tare da an roƙa ba, da gudummawar biki da suna, wadda in ka duba da kyau ajiya ce, yau ke gobe ni. Akwai kayan ɗaki da 'yan kunne da ake sayarwa in ta ɓaci. Sai dai duk wannan rufin asirin an gina shi ne don ranar da musiba ta faɗa wa gida ɗaya sauran suna tsaye. Ambaliya da rusau da kulle ba sa zaɓen gida. Ranar da ruwa ya shiga lungu, uwar adashi da mai kanti da maƙwabciya duk suna kan titi ɗaya da tabarma a ka. Abin da ya faru a Maiduguri ke nan a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, unguwanni irin su Gwange suka nutse, mai taimako da mai neman taimako suka haɗu a sansani ɗaya.

Kuma in abin ya yi tsanani, hanyoyin da suka rage duk cin gobe ne. A rage abinci daga uku zuwa biyu. A cire yarinya daga makaranta ta riƙe talla, domin bokitinta ne ke kawo na miya. A sayar da keken ɗinki a biya asibiti. A aurar da yarinya da wuri a rage baki. Masu zagin iyaye a kan talla ina fahimtarsu, ni ma ba na son ganin 'yar shekara tara a tasha da magariba. Amma in ka hana ba ka kawo abin da zai maye bokitin ba, tukunyar gidan ka kife.

To ina mafita? Abin da hukumomi suka fi sani shi ne jan fenti da katafila. An gwada, an ga ƙarshensa. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe unguwar talakawa ta Maroko, aka kori mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, filin ya koma hannun masu kuɗi, su kuma suka watsu suka kafa wasu unguwannin a cikin fadama. A Abuja, rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 bai rage talakawa ba, ya dai tura su Mararaba da Suleja da Madalla, suka koma kashe kuɗin mota da awanni a cunkoso don zuwa aikin da a da suke takawa da ƙafa. Rusau ba ya kashe awon igiya, ƙaura yake sa shi.

Abin da na ga ya yi aiki a wasu wurare shi ne a gyara unguwa da mutanenta a ciki. A Orangi, wata ƙatuwar unguwar awon igiya a Karachi ta Pakistan, wani masani mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a 1980. Bai kawo kuɗi ya raba ba. Ya kawo masu awo da zane, kowane lungu ya naɗa shugaba, ya tara kuɗinsa, ya haƙa magudanar ƙazantarsa da hannunsa a kan farashin da bai kai na ɗan kwangila ba ko kusa, ita kuma hukuma aka bar mata manyan magudanan da lungunan za su zuba a ciki. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin aikin gayya na unguwannin Kano sun daɗe suna yashe kwata kafin damina. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne su yashe tasu ta rasa inda za ta zuba, domin babbar ba ta nan, ko an gina shago a kanta.

In da za a tambaye ni, kafin a raba buhun shinkafa da tabarma bayan ruwa ya yi ɓarna, a fara hana cike kududdufan da suka rage, ko na wane ne. A ba masu gidajen awon igiya takarda mai sauƙin samu, domin wanda ke jiran katafila ba ya zuba siminti a gindin katanga. A kai famfo lungu, don duk jarkar da ba a saya ba jari ce ta koma tukunyar sana'a. Gonakin da ake yankawa yau a Ungogo da Kumbotso kuwa, a je a fitar da titi da hanyar ruwa tun ana noma su, ba sai an gina a zo da fenti ba. Akwai kuma wuraren da dole a tashi, ba na ɓoye wannan, tsakiyar hanyar ruwa ba wurin kwana ba ne. Amma a tashi mutum zuwa kusa, da kuɗin haya a hannunsa, a kuma lissafa da ɗan haya, ba mai gida kaɗai ba. Su ma mazauna suna da nasu laifin, wanda ya juye shara a kwata da ruwan farko ya san abin da ya yi, ko da yake in ka tambaye shi ina motar shara take tsayawa, shi ma zai tambaye ka.

Mai awarar nan, a wata damina ruwa ya kwana yana zuba, kududdufin ya tumbatsa, katangar bayan ɗakinta ta zauna. Allah ya kiyaye rai, sun fita da yara tun tsakar dare. Amma rabin buhun waken da ta saya da kwasar adashinta, karon farko da ta taɓa sayen wake ba a kwano ba, ya jiƙe ya tsiro. Suka yi sati uku a ajin wata firamare. Na je na same ta na ce, "Hajiya, yanzu kam sai a nemi wani wurin." Ta ce, "A nemi ina, Malam? Da saura wata biyar a kuɗin hayarmu, kuma duk masu cin awarata nan suke." Mai gidan ya tayar da katangar da bulo, da shekara ta zagayo ya ƙara kuɗin haya saboda gyaran da ya yi. Ta ranci kwano biyu na wake a wajen mai kanti, ta ɗora tukunya.